Edouard Seguin, Likitan Da Ya Bi Ta Hannun Yaro Domin Ya Kai Ga Hankalinsa

Ran 28 ga watan Oktoba na shekarar 1880 wani likita Bafaranshe mai suna Edouard Seguin ya rasu a birnin New York na ƙasar Amurka, yana da shekara 68 da haihuwa. Ya shafe fiye da shekara 40 a kan aiki guda, watau koyar da yaran da likitocin zamaninsa suka riga suka yanke hukuncin cewa ba za su taɓa koyon kome ba. Abin da ya dogara a kai shi ne cewa yaron da bai iya magana ba, bai iya tsayar da idonsa a kan abu ba, bai iya riƙe cokali ba, akwai hanyar da za a bi a kai gare shi, kuma hanyar ta fara ne daga gaɓoɓinsa, musamman hannu. A yau ana ɗaukar wannan magana tamkar abin da kowa ya sani. A sa'ilin da ya fara faɗinta kuwa, manyan likitocin birnin Paris ba su yarda ba.

An haifi Seguin ran 20 ga watan Janairu na 1812 a garin Clamecy da ke tsakiyar Faransa, a gidan da ya gaji aikin likita. Ya yi karatu a garin Auxerre, sa'an nan ya wuce Paris. A can ne ya faɗa cikin almajiran Saint-Simon, wani masani da ya rasu a 1825, wanda mabiyansa ke ganin babban aikin kowace al'umma shi ne kyautata halin talakawanta, tun da su ne suka fi yawa kuma suka fi shan wuya. Wannan ra'ayi bai rabu da Seguin ba har ƙarshen ransa, kuma shi ya sa yake kallon koyar da yaro mai naƙasa a matsayin hakkin da ake bin jama'a bashinsa.

Mutumin da ya sa shi a hanya shi ne Jean Itard, likitan makarantar kurame ta Paris. Itard ya yi suna ne saboda wani yaro da aka kama a yankin Aveyron a 1800, mai kimanin shekara 12, wanda ya daɗe yana zaune shi kaɗai cikin daji, ba tufa, ba magana. Shahararren likitan nan Philippe Pinel ya duba yaron, ya ce ba shi da magani. Itard ya ƙi yarda, ya sa masa suna Victor, ya kwashe shekara 5 yana horar da shi. Victor ya koyi sa tufafi, ya gane wasu haruffa, ya saba da mutane, amma bai yi magana ba har ya mutu a 1828, abin da ya sa Itard ya riƙa ganin kamar ya gaza. Seguin ya karanta labarin ta wata fuska. A ganinsa, in har yaron da aka ce ba ya gyaruwa ya yi irin wannan nisa, to, hukuncin da aka yanke masa ne ke da gyara.

A 1837 aka kawo wa Itard wani yaro mai raunin ƙwaƙwalwa. Tsufa da ciwo sun riga sun ci ƙarfinsa, sai ya miƙa aikin ga Seguin, wanda a lokacin yake da shekara 25. Itard ya rasu a shekara mai zuwa, Seguin ya ci gaba da aikin a ƙarƙashin idon Jean Esquirol, babban likitan taɓin hankali na Faransa a wancan zamani. Abin lura a nan shi ne Esquirol da kansa ya koyar da cewa irin wannan rauni hali ne da aka haifi mutum da shi, wanda ba ya canjawa. Cikin kimanin shekara ɗaya da rabi yaron ya fara magana, ya fara rubutu da ƙirga, har Esquirol ya sa hannu ya shaida abin da ya gani. Daga nan Seguin ya buɗe wata 'yar makaranta tasa a Paris, daga bisani hukuma ta ba shi yara a wani gidan marasa lafiyar da aka fid da rai da warkewarsu, sa'an nan a 1842 aka kai shi Bicetre, wani katafaren gida a kudancin birnin inda ake tara tsofaffi da mahaukata da masu farfaɗiya, da kuma yara maza da ba a san yadda za a yi da su ba.

Sunan da likitoci ke kiran waɗannan yara da shi a lokacin shi ne idiot, kalmar da a yau ta koma zagi, kamar dai a ce da mutum dolo ko gaɓo. A ƙarƙashin wannan suna guda aka haɗa yara iri iri: wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta girma daidai ba, da wanda ya sami rauni wajen haihuwa gaɓoɓinsa suka sandare, da kurman da ba a gane kurma ba ne, da wanda a yau za a ce yana da galahanga. Da yawansu kan wuni a zaune wuri ɗaya suna rangaji, ko suna cizon hannuwansu, ba mai ce musu kome.

Seguin ya tsara aikinsa hawa hawa, kuma bai yarda a tsallake mataki ba. Farkon abin da yake nema shi ne yaro ya mallaki jikinsa. Wanda ba ya iya tsayuwa sai a sa shi a lilo, a ajiye wani katako mai tsalle a gabansa, duk sa'ad da lilon ya kawo shi sai tafin ƙafarsa ya bugi katakon, har ƙafafun su saba da ɗaukar nauyi. Wanda ke tafiya yana tangaɗi sai a shimfiɗa masa tsani a ƙasa ya riƙa taka tsakanin matakansa. Wanda yatsunsa ba sa damƙar abu sai a ɗora shi a kan tsani a jingine, malami na bayansa yana tallafe da shi, domin tsoron faɗuwa kan sa hannun da bai taɓa riƙe kome ba ya riƙe. Bayan wannan sai a zo kan yatsu: ɗaukar ƙusa a zura ta cikin rami a jikin allo, zura duwatsun ado a zare, ɓalla maɓalli, ɗaura igiyar takalmi, tsintar allura ko kwabo daga kan tebur.

Sai kuma ji da gani. Yakan tsoma hannun yaro cikin ruwan sanyi da na ɗumi, ya ba shi abu mai santsi da mai kaushi, mai nauyi da marar nauyi, yana farawa da biyun da suka fi nisa da juna kafin ya kawo masu kama da juna. Yaron da idonsa ba ya zama wuri ɗaya yakan shigar da shi ɗaki mai duhu inda haske ɗaya tak ke motsi, ta yadda ido ba shi da abin bi sai shi. Ya yi amfani da kiɗa domin jawo hankalin yaran da muryar mutum ba ta dame su ba. Ya kuma sassaƙa wani allo mai gurabe, da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku, yaro ya ɗauki guntun katako ya nemi gurbin da ya dace da shi. Hikimar allon ita ce shi da kansa yake gaya wa yaro ya yi kuskure, tun da katakon ba zai shiga gurbin da ba nasa ba, malami ba ya bukatar tsawa. Karatu da rubutu sai can daga baya suke zuwa, bayan yaro ya iya jan layi a tsaye da a kwance da mai lanƙwasa, domin a wurin Seguin harafi zane ne kafin ya zama sauti.

Ƙarshen tsanin shi ne abin da ya kira tarbiyyar niyya. Ya yi imanin cewa babbar matsalar yaran ita ce rashin son yin kome, saboda haka malami zai fara da sa yaro ya yi, sa'an nan ya riƙa janyewa sannu a hankali har yaron ya yi don kansa. A nan ne mai karatun zamanin nan zai ɗan yamutsa fuska, domin a littafinsa na farko akwai tilastawa da nuna iko fiye da yadda masu aikin a yau za su amince. Amma manufar a fili take: yaro ya ci abinci da hannunsa, ya sa rigarsa, ya yi shara, ya yi aikin lambu, ya zauna cikin mutane.

Zamansa a Bicetre bai yi tsawo ba. Ba shi da takardar shaidar likita, an ɗauke shi ne a matsayin malamin makaranta, ga shi kuma mutum ne da ba ya ɓoye ra'ayinsa game da waɗanda ke sama da shi. Saɓani ya shiga tsakaninsa da likitoci da hukumar gidan, a ƙarshen 1843 aka sallame shi, ko da yake wani kwamiti na cibiyar masana kimiyya ta Faransa ya duba aikinsa ya yaba. Ya koma koyarwa ta ƙashin kansa, kuma a 1846 ya fitar da babban littafinsa da Faransanci a kan jiyya da tsabta da ilmantar da irin waɗannan yara. Littafin ya yi tafiyar da mai shi bai yi ba tukuna. Baƙi daga Ingila da Amurka suka riƙa zuwa Paris ganin aikin, kuma rahotannin da suka aika gida sun taimaka wa Samuel Gridley Howe, shugaban makarantar makafi ta Perkins, wajen shawo kan majalisar jihar Massachusetts ta ba da kuɗin buɗe makarantar gwaji a 1848. A shekarar nan kuma likita Hervey Wilbur ya fara karɓar irin yaran a gidansa da ke garin Barre.

Juyin juya halin 1848 ya zo da jamhuriyar da Seguin ke goyon baya, amma da ya ga inda Louis Napoleon ya nufa da ita, sai ya kwashi iyalinsa ya ƙetara teku a wajen 1850. Shekarunsa goma na farko a Amurka na kai da kawo ne. Ya zauna a jihar Ohio, ya taimaka wa Howe a Massachusetts, ya yi aiki da Wilbur a makarantar jihar New York wadda aka buɗe a Albany a 1851 aka kuma mayar da ita Syracuse a 1855, ya riƙe makarantar jihar Pennsylvania na ɗan lokaci. Sai a 1861, yana dab da cika shekara 50, ya sami digirin likita daga jami'ar birnin New York. A 1863 ya tare a birnin.

A tsibirin Randall, cikin kogin da ya raba Manhattan da unguwannin gabas, a wancan zamani ake ajiye marayu da 'ya'yan matalauta da yaran da suka yi laifi, kuma akwai wani sashe na yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Seguin ya ba da ƙarfinsa wajen kyautata halin yaran wannan sashe da ganin an koyar da su. A 1866 ya fitar da littafinsa na biyu, wannan karon da Turanci, wanda ya zama abin dogaron makarantun Amurka da Ingila na tsawon shekaru. Ɗansa Edward, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun likitocin jijiyoyi na New York, ya taimaka masa wajen shirya shi. A shekarar ce kuma wani likita a Ingila, John Langdon Down, ya bayyana siffofin lalurar da yau ake kira da sunansa. Seguin ma ya lura da irin waɗannan yara, ya ba su wani suna dabam, amma daga shi har Down ba wanda ya san musabbabin, sai a 1959 aka gano cewa ƙarin ƙwayar gado ce guda ɗaya.

Akwai wani fanni na rayuwarsa da ba a cika ambata ba. Seguin na cikin waɗanda suka yi fafitikar ganin ma'aunin zafin jiki ya zama kayan aikin kowane likita a Amurka, ya rubuta littattafai a kai cikin shekarun 1870, ciki har da wanda ya yi domin iyaye mata su iya auna 'ya'yansu a gida. Har ma ya ƙirƙiro nasa ma'aunin, wanda sifirinsa ke daidai da zafin jikin mai lafiya, ta yadda uwa za ta gani nan take ko an hau ko an sauka. Ma'aunin bai karɓu ba, amma ya nuna halin mutumin: yana son a sa kayan aiki a hannun wanda ke tare da yaro kullum. A 1873 ya wakilci Amurka a fannin ilmi a bikin baje kolin duniya na birnin Vienna. A 1876 shugabannin makarantun irin waɗannan yara suka kafa ƙungiya a jihar Pennsylvania, suka zaɓe shi shugabanta na farko, kuma ƙungiyar tana nan har yau bayan ta canja suna sau da yawa. A 1879 ya buga wata maƙala a kan horar da hannun yaro guda, a 1880 ya bi ta da wata a kan horar da ido. A ƙarshen rayuwarsa ya buɗe wata ƙaramar makaranta a birnin New York tare da matarsa ta biyu, Elsie Mead, wadda ta ci gaba da riƙe ta bayan rasuwarsa, daga bisani ta mayar da ita garin Orange a jihar New Jersey.

Abin da ya faru da gadonsa a Amurka ba mai daɗin ji ba ne, kuma shi da abokansa suna da ɗan kaso a ciki. Domin su sami kuɗi daga majalisu, sun ɗaga fatan jama'a fiye da kima, har aka ɗauka yaran za su warke su koma gida. Da yawa sun sami ci gaba, kaɗan ne suka kai inda aka yi tsammani, kuma waɗanda suka girma ba su da wurin komawa. Sai makarantun suka fara cika, koyarwa ta ja baya, tsarewa ta shigo gaba. Tun Seguin na da rai, a 1878, jihar New York ta buɗe wani gida a garin Newark domin killace mata masu raunin ƙwaƙwalwa, da nufin hana su haihuwa. Bayan shekara 30 ra'ayin nan na tace iri ya mamaye ƙasar. Henry Goddard, wani masanin halayyar ɗan Adam a Vineland ta New Jersey, ya ɗauki allon nan mai gurabe ya mai da shi abin gwaji, ana riƙe da agogo ana auna daƙiƙoƙin da yaro zai ɗauka. A tsibirin Ellis, ƙofar shiga New York a wancan zamani ga baƙin da ke zuwa ta teku, likitoci sun yi amfani da alluna irinsa wajen tantance wanda za a bari ya shiga da wanda za a mayar. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta yi wa irin waɗannan mutane aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, kuma waɗanda aka yi wa a faɗin ƙasar sun haura 60,000.

Ƙarshen lalacewar ya bayyana ne a birnin da Seguin ya rasu. Makarantar Willowbrook da ke tsibirin Staten, wadda aka buɗe a 1947 domin mutum 4,000, ta kai tana ɗauke da kimanin 6,000 a tsakiyar shekarun 1960. Sanata Robert Kennedy ya ziyarce ta a 1965 ya yi tir da abin da ya gani. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da na'urar ɗaukar hoto, Amurkawa suka ga yara tsirara a ƙasa cikin ƙazanta suna rangaji, kusan yadda Seguin ya tarar da su a Bicetre shekara 130 da suka wuce. Iyaye suka kai ƙara, aka cimma yarjejeniya a 1975, aka rufe wurin a 1987. Harabar yanzu ta wata kwaleji ce.

Ta wata hanya dabam ce aikinsa ya rayu. A ƙarshen ƙarni na 19 wata matashiyar likita a birnin Rum, Maria Montessori, ta ci karo da littattafansa da na Itard, ta zauna ta fassara su zuwa Italiyanci tana kwafewa da hannunta domin ta fahimce su sosai. Ta sa aka ƙera kayan aikinsa, ta gwada su a kan yara masu raunin ƙwaƙwalwa, wasunsu suka ci jarrabawar da ake yi wa sauran yara. Wannan ya sa ta tambayi kanta abin da ke damun makarantun sauran yaran, kuma a 1907 ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar San Lorenzo.

Shi kuwa fannin jiyya ta hanyar ayyukan yau da kullum, wanda ma'aikatansa ke koya wa yara riƙe fensir da cin abinci da sa tufafi, an kafa ƙungiyarsa ta farko ne a watan Maris na 1917 a garin Clifton Springs na jihar New York, shekara 37 bayan rasuwar Seguin. Ba shi ya kafa fannin ba, kuma waɗanda suka kafa shi sun fi mai da hankali ga manya masu taɓin hankali da masu tarin fuka da sojojin da suka ji rauni. Amma da fannin ya juyo ga yara, sai ya tarar da sawunsa a gaba. Duk wanda ya shiga ɗakin irin wannan jiyya a New York a yau zai ga lilo da tsani da duwatsun zurawa a zare da abubuwa masu kaushi da santsi. Jean Ayres, Ba'amurkiyar da ta fito da ra'ayin daidaita saƙonnin ji da gani da taɓawa a ƙwaƙwalwa a littafinta na 1972, ta zo da ilmin jijiyoyin da Seguin bai samu ba, ko da yake har yanzu ana muhawara a kan ƙarfin hujjar wasu dabarunta, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja hankalin iyaye cewa binciken da aka yi a kansu bai wadatar ba. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa kyauta, tare da ba su irin wannan jiyya in suna bukata.

A ƙasar Hausa abubuwan da ke jawo wa yaro irin wannan rauni sanannu ne ga ma'aikatan asibiti: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, shawarar da ba a kula da ita ba a kwanakin farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa yaron, ko a ce ɗan ruwa ne, a bar shi a ɗaka. Nijeriya ta sami dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a watan Janairu na 2019, amma masu wannan sana'a ta jiyya ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan asibitocin birane. Kusan duk kayan aikin Seguin abubuwa ne da kafinta zai iya yi, ko kuma akwai su a tsakar gida, kamar ƙwarya da wake da igiya da ruwan ɗumi. Abin da ya fi tsada a tsarinsa shi ne mutumin da zai zauna da yaro guda kowace rana, wata da watanni, yana maimaita motsi ɗaya, kuma wannan ne abin da Bicetre da Willowbrook duka suka ƙi biya.

Allon mai gurabe 10 da ake sayarwa da sunansa har yanzu ana gwada yara da shi a asibitoci, musamman a ƙasar Indiya. A makarantun Montessori kuma, har da waɗanda ke biranen Afirka ta Yamma, akwai wasu alluna na katako da yara ke zura lambobi a ciki domin koyon ƙirga daga 11 zuwa 99, waɗanda malamai ke kira allunan Seguin.